Lakar da Muka Kai Dogon Dutsi

Ranar Alhamis ce, ranar da ba a zuwa lakwal, wato makarantar boko, a ƙarshen damanar shekarar da na cika sha ɗaya, saura shekara biyar ko shida Faransawa su naɗe tutarsu. Hantsi ya ɗaga, ina tsaye a kan tudun da ke gabas da tabkin ƙauyenmu, da ɗan guntun zane ɗaure tamau a jikina, laka ta bushe mini a gwiwar hannu har tana jan fata. Can ƙasa kusa da bakin ruwa, Arzika ya kafa kara a inda zamiyarsa ta tsaya, ya riƙe ƙugu yana yi mini gwalo. Arzika ɗan kawuna ne, taubashina, saboda haka yana da izinin gaya mini duk abin da ya ga dama, kuma bai taɓa barin izinin nan ya huta ba. Na ja da baya, na sheƙo a guje, da na kai bakin santsi na sa ƙafar hagu gaba, ta dama baya, na buɗe hannuwa. Iska ta cika mini kunne. Na wuce karan ƙananan yara, na wuce na sa'o'ina mata, na ga na Arzika yana matsowa kamar shi ke tahowa gare ni. Sai lakar ta fara riƙe ni a hankali, na tsaya cak, tsakanin babban yatsana da karansa bai fi tafin hannu ba. Yara suka ɗauki ihu. Arzika ya durƙusa ya auna, ya ɗaga hannun sama kowa ya gani. Ina shirin komawa tudu in sake ke nan muka ji ƙararrawar keke, muka waiwaya, sai ga Mushe Bernar, malaminmu, tsaye gindin aduwa da farin wandonsa, baki buɗe.

Zamiya wasa ce mai lokaci, ba kullum ake samunta ba. Da damana tabkin kan cika ya tumbatsa har ya shiga gonakin fadama, ba mai kusantarsa sai masu wanki. In ruwan sama ya ɗauke, sai ya fara ja da baya, ya bar wani gangare na baƙar laka a gefen gabas, mai laushi kamar man shanu. In ka yi gaggawa ka nutse har gwiwa, in ka yi jinkiri ka tarar ta tsattsage. Tsakanin waɗannan biyu akwai kamar mako uku, su ne duk rabonmu na shekara. Mukan fara da tsince ƙaya da ɓawon katantanwa, mu shafe wurin da sakaina har ya yi sumul, kullum da safe mu yayyafa masa ruwa da ƙwarya. Akwai yarjejeniya tsakaninmu da yaran Fulani masu kawo shanu shan ruwa: su bi ta yamma, mu kuma mu bar su su yi zamiya in sun ga dama, amma dole wani daga cikinmu ya zauna gadi, domin saniya ba ta san yarjejeniya ba. Kafin kowa ya sa ƙafa kuwa, sai Kaka, uwar babana, ta zo da 'yar fura a ludayi ta zuba gindin tsamiyar bakin tabki, ta gai da doguwar da ke wurin, ta ce yara ne, a yi haƙuri da hayaniyarsu. Ƙanana kan zauna kan sakaina ko su kwanta rub da ciki. Manya a tsaye suke yi, kuma a tsaye ake gasa.

Abin takaici, makonnin nan uku su ne kuma na girbi. Maza suna yankan gero, mu mata muna tara kawuna, muna roron wake, muna kai fura gona. Duk zamiyar da na taɓa yi sato ta na yi daga cikin aiki. Nakan gama surfe da wuri, in ɗauki ƙwaryar Baba a guje in kai masa, in biyo ta tabki a dawowa, in yi biyu ko uku, in wanke jiki in shiga gida kamar ban san komai ba. Inna ta sani sarai, don laka ba ta fita daga kitso. A shekarar nan ta kama ni tana tsefe mini kai, ta ce, "Bana ɗai ta rage miki, Kulu. Baɗi zane za ki ɗaura ga ƙirji, kuma ɗiyata ba ta birgima cikin laka gaban mutane." Ban yi gardama ba, don na san gaskiyarta. Abin da na sa a raina shi ne kafin lakar bana ta bushe sai na wuce karan Arzika. Ba a taɓa jin mace ta wuce na namiji ba a tabkinmu, ni kuwa ga shi saura tafin hannu.

Mushe Bernar mutumin Dahome ne, shekararsa ta uku ke nan a ƙauyenmu. Shi kaɗai ke riƙe da lakwal ɗin, rumfar zana ce guda da ya raba mu aji uku a ciki, yara talatin da 'yan kai da aka karɓo gida-gida bisa umarni, ba don iyayenmu sun so ba. Mutum ne mai tsanani. Wanda ya yi Hausa a aji a rataya masa ƙashin akuya a wuya, wanda ya zo da ƙazamin farce ya sha rula. Shi ya sa da muka gan shi ranar nan, mu duka jiki baƙi ƙirin da laka, muka tabbata kashinmu ya bushe. Sai ya jingine keken, ya matso bakin gangaren, ya ce a sake. Muka sake. Ya ce a ƙara. Ya nuna ni da Arzika ya ce mu yi tare, muka yi, yana tafa hannu shi kaɗai kamar yaro. Ban taɓa ganin haƙoransa ba sai ranar.

Washegari ya zo aji da wata takarda da ya yanko daga jarida, ta yi laushi don ajiya. Ya bi da ita layi-layi muka gani: mutane ne da manyan riguna a kan wani farin fili, dogayen gidaje kewaye da su. Ya ce wani babban birni ne na ƙasar Turawa. A can, in sanyi ya tsananta, ruwan tabkin da ke tsakiyar birni yakan daskare ya zama ƙanƙara, sai a buɗe wurin na 'yan makonni, a kafa rumfuna, masu busa su yi ta busa, kowa ya ɗaura takalmi mai wuƙa a ƙarƙashi ya yi ta zamiya. Ana gasa, ana ba da kyauta, in zafi ya dawo a tashi sai wata shekara. Mu ƙanƙarar da muka sani ita ce 'yan duwatsun da ke faɗowa da hadari, mu tsince su mu sa a baki kafin su narke. Arzika ya ɗaga hannu ya tambaya ƙwarya nawa ake tarawa kafin a shimfiɗa fili kamar wannan, aji ya fashe da dariya, Mushe ma ya yi. Ni na tambaya ko mata suna yi. Ya ɗora yatsa kan wata mace a tsakiyar hoton, tsaye da ƙafa ɗaya, ɗayar a miƙe bayanta. Na daɗe ina kallonta har sai da na baya suka fara zungurata. Sai da na girma na gane shi kansa bai taɓa ganin abin da idonsa ba. Iyakarsa garinsu da Yamai da ƙauyenmu.

Da a nan ya tsaya, da an zauna lafiya. Amma kowace shekara bayan girbi ana yin feti, wato babban buki, a Dogon Dutsi, ranar da Turawa ke tunawa da ƙarewar wani babban yaƙinsu. Lakwal-lakwal na karkara kan kai yaransu, a yi tsere, a yi gudu cikin buhu, a hau sandar da aka shafe da sabulu, da yamma 'yan kokawa su shiga fili. Sau biyu Mushe yana kai manyanmu, sau biyu suna dawowa hannu wofi, yaran Dutsi suna kiransu 'yan daji. Abin yana cinsa. Ya rubuta takarda ga kwami, wato magatakardan da aka ɗora wa tsara bukin, ya ce lakwal ɗinsa za ta kawo wasan da ba a taɓa gani ba. Amsa ta dawo cewa an yarda, kuma bana wani babban baƙo zai zo daga Yamai da matarsa. Mushe ya karanta mana takardar sau biyu. Ya ce za mu nuna wa Turawa cewa abin da suke da shi a birninsu mu ma muna da irinsa, kuma wanda ya fi kowa nisa za a kira sunansa gaban jama'a, mace ko namiji. Na kalli Arzika, ya kalle ni. A raina na ce ashe Allah ne ya hana ni wuce shi a tabki, don in wuce shi gaban Dutsi duka.

Sai dai filin feti yashi ne da jan tsakuwa, ba tabki kusa da shi. Mushe ya ce wannan ba matsala ba ce, za mu kai lakarmu. Ya je wurin mai gari, aka yi shela cewa duk gidan da ke da ɗa a lakwal ya ba da jaki. Jakinmu ɗaya ne, kuma dammunan Baba suna zube a gona suna jiransa. Da aka gaya wa Baba, sai ya ce, "Jakin da ke kai dami ga rumbu, shi za ya kai laka Dutsi? To, Allah shi kyauta." Bai ƙara ba, a wancan zamani maganar lakwal maganar bariki ce, ba a ja da ita. Kaka kuwa da ta ga an nufi tabki da hauyoyi da mangaloli, ta biyo mu da sandarta, ta tsaya kan tudu tana kallo. Ba ta yi wa Mushe magana ba, ni ta kira ta ce, "Lakar tabki ba ta zuwa baƙunci." Na ɗauka rigimar tsufa ce.

Mun so mu haƙa daga gefen yamma inda shanu suka riga suka tattake, amma Mushe ya murza lakar wurin da yatsa ya ce da yashi a ciki, ba ta gangaren ba ce. Dole daga gangaren kanta za a ɗiba. Haka muka sa hauya a wurin da muka yi kwanaki muna shafewa da sakaina. Muka fara daga sama, muna gaya wa juna ai ƙasan yana nan, in mun dawo mu ƙarasa wasanmu. Mangala ta cika, ba ta isa ba, muka ƙara gangarowa. Kwana goma sha ɗaya muka yi a wannan aiki, kuma cikinsu ba wanda ya yi zamiya ko sau ɗaya: Mushe ya hana, wai kada wani ya ji ciwo kafin feti. Da safe haƙa, da rana koyon waƙar Faransanci da yadda ake sunkuya wa baƙo, da yamma in koma gida in tarar da aikina na jirana, Inna kuwa tana ajiye taɓarya da ƙarfi. Maza suka yi sawu uku da jakuna, kowane sawu tafiyar rabin yini, an rufe lakar da jiƙaƙƙun tsofaffin tabarmi. Kullum in na wuce tabki ina ganin ruwa yana ƙara ja, ina ƙirga kwanakin da suka rage da yatsu. A sawu na ƙarshe muka tafi gaba ɗaya, mu mata kowace da ƙwaryar laka a kai.

Wannan ne ganina na farko da Dogon Dutsi. Dutsen na fara hangowa, ja, tsaye shi kaɗai kamar an kafa shi, sannan shaguna, da kamyo, babbar motar kaya mai hayaƙi, da maza masu wando da takalmi suna tafe da sauri kamar ana kiransu. Wani mai burodi ya tambaye mu me muka kawo sayarwa, da ya leƙa ƙwaryata ya ga laka sai ya kira maƙwabcinsa shi ma ya zo ya gani. Aka sauke mu gidan wani ɗan ƙauyenmu mai sayar da goro, muka sha ruwa, muka wuce fili. Wurin da aka ba mu can ƙarshe ne, nesa da rumfar baƙi, kuma a shimfiɗe yake ba gangare. Muka tara yashi muka yi ɗan tudu, muka zuba lakar muka tattaka ta da ƙafa, muka baje. Jakuna goma sha biyu sawu uku, amma da aka shimfiɗa ta ko rabin tsawon gangarenmu ba ta kai ba, kaurinta kuwa bai fi yatsa biyu ba. Muka nufi rijiya da tuluna. Rijiyoyin Dutsi ba irin na fadamarmu ba ne da ake miƙa hannu a ɗebo. Zurfi gare su, mata sun yi layi tun safe. Da farko suka taimaka mana don sun ga mu baƙi ne. Da suka ga inda ruwan ke zuwa, wata dattijuwa ta riƙe igiyarta ta ce, "Ruwan da munka jawo da ƙarhinmu, shi za ku ba ƙasa ta sha? Ɗiyan wane gari ne ku?" Kuma gaskiyarta, ƙasa ke sha. A tabki akwai ruwa ƙarƙashin lakar yana riƙe da ita. Nan yashi ne a ƙarƙashi, duk tulun da muka zuba sai ya tsotse shi kafin mu kai rijiya mu dawo.

Ranar feti tun da sassafe muka jiƙa ta sosai, muka shafe da sakaina, har ta yi ƙyalli. Mushe ya sa wani ƙaramin yaro ya gwada, ya tafi sulu har ƙarshe ya faɗa yashi yana dariya. Mushe ya dunƙule hannu don murna. An ce mu ne na biyu, bayan an ɗaga tuta an yi waƙa, kuma baƙo zai iso da ƙarfe tara. Muka jeru da rigunan lakwal a ninke gefe guda, muna jira. Tara ta wuce. Rana ta hau, lakar ta fara yin fari-fari a gefe, muka ruga rijiya. Goma ta wuce, sha ɗaya ta wuce. Muka zuba, muka shafe, muka koma. Jama'a ta cika fili, kuma ba wanda ya san abin da baƙin shimfiɗar nan take nufi, sai suka riƙa takawa suna wucewa: mai tallan ƙosai, da wani gardi, dogarin bariki, da ƙaton takalminsa, har da akuya. Kowane sawu sai mun durƙusa mun toshe shi. Wuyana ya ƙage da ɗaukar tulu, ban ci komai ba tun kunun safe, kuma ina ji 'yan lakwal ɗin Dutsi, da fararen rigunansu, suna tambayar juna ko gini muka zo yi. Wajen azahar Mushe ya tuɓe takalmi, ya naɗe farin wandon nan, ya saɓa tulu a kafaɗa da kansa. Mutane suka yi ta nuna shi, malami guda da tulu. Bai dubi kowa ba.

Sai bayan azahar motar baƙo ta iso. Aka ɗaga tuta, aka yi waƙa, muka miƙe, sai muka ji an kira tseren keke. Bayan shi gudun buhu. Bayan shi hawan sanda, wanda ya ci lokaci mai tsawo don ba wanda ya iya kaiwa sama. Mushe ya je rumfa sau uku, sau uku gardi yana mayar da shi. Matan rijiya kuwa suka naɗe igiyoyinsu suka tafi kallo, ba guga ko ɗaya. Tulun ƙarshe muka raba shi da tafin hannu, muna yayyafawa kamar masu ba maras lafiya ruwa. Da la'asar makaɗan kokawa suka fara gwada gangunansu, sai ga kwamin ya taho da takarda a hannu. Ya tsaya nesa kaɗan don kada takalminsa ya ɓaci, ya dube mu, ya dubi lakar, ya yi wa Mushe magana da Faransanci. Ranar ce na fara da-na-sanin jin harshen nan. Ya ce lokaci ya ƙure, kuma ko da bai ƙure ba, shi ba zai kawo 'yan ƙauye jiki duk laka gaban matar baƙo ba. Da ya san abin da ake nufi ke nan da bai amsa takardar ba tun farko. Mushe ya ce minti biyar kawai yake roƙo, yaran nan kwana goma sha ɗaya suka yi suna aiki. Kwamin ya ce ba shi ya sa su ba, ya juya. Mushe ya bi shi da kallo, laka har ƙwaurinsa. Sannan ya ce, ba tare da ya dube mu ba, mu wanke jiki mu sa riguna. Ko ruwan wanke hannu babu.

Har yau ban san abin da ya shiga kaina ba. Na dai tuna gero zube a gonar Baba, da maganar Inna, da ramukan da muka bari a gangarenmu. Daidai lokacin an yi shiru ana miƙa wa wanda ya hau sanda kyautarsa. Na ja da baya, na sheƙo, na hau ɗan tudun yashin, na sa ƙafar hagu gaba na buɗe hannuwa kamar kullum. Lakar ta cafke mini ƙafa kamar hannun mutum. Ƙafa ta tsaya, jiki ya wuce. Na kifa da fuska, na mirgina sau biyu, na tsaya a kan tsakuwa, haɓata ta tsage, bakina cike da ƙasa. Sai fili ya ɗauki dariya, daga wannan gefe har wancan. Na ɗaga kai na hango rumfar baƙi, su ma dariya suke suna tafi. Sun ɗauka wasan ke nan, an kawo 'yar ƙauye ta faɗi don a yi nishaɗi. Wani makaɗi ya buga mini ganga sau uku. Can sai ga gardin nan mai ƙaton takalmi ya zo ya buɗe mini hannu ya zuba alewa huɗu, ya ce matar baƙo ce ta aiko, wai na ba ta dariya.

Arzika ne ya ɗaga ni. Na jira ya faɗi abin da zai faɗa, don taubashi bai taɓa samun abin tsokana kamar wannan ba. Sai ya yage gefen rigarsa ta lakwal, wadda ya san zai sha duka a kanta, ya danna mini a haɓa, ya ce, "Tashi mu tahi." Shi ke nan. Da ya yi mini dariya da na samu wanda zan zaga, in huce. Shirunsa ne ya sa ni kuka. Alewar kuwa ƙananan yara na ba, suka shanye da lakar da komai.

Washegari muka kamo hanya, Mushe can baya yana tura kekensa, bai hau ba har muka iso. Ban shiga gida ba, tabki na wuce kai tsaye. Inda muka haƙa ramuka ne, koren ruwa kwance a ciki. Sauran gangaren ya tsattsage faranti-faranti, kuma da yake kwana uku ba mai gadi, shanu sun bi ta kai sun bar kofatansu ko'ina. Na ɗebo ruwa da hannu na zuba, ya bi tsaga ya ɓace. Ban iya jin haushin shanun ba, ko yaran Fulani. Da hannunmu muka fara ɓata wurin. Gasata da Arzika ta tsaya a inda ta tsaya, ba mu sake yin maganarta ba. A gida na tarar Baba da Inna sun kwashe rabin dammunan da ka, waɗanda suka daɗe a ƙasa gara ta shiga gindinsu, jakin kuma mangala ta ci masa baya har ƙuda na bi. Baba ya kama haɓata ya juya ta wajen haske, ya ce Kaka ta sa mini garin bagaruwa. Bai tambaye ni yadda aka yi ba. Labari ya riga mu isowa.

Ranar Litinin Mushe ya shiga aji ya ba mu lissafi kamar ba abin da ya faru, bai kuma sake ambatar feti ba. Sai bayan kamar mako biyu, da yamma, muka ji sallama da karyayyar Hausa a ƙofar gida. Ya shigo ya tsuguna gaban Baba, abin da ba a taɓa ganin malamin lakwal ya yi ba, ya ce ya zo ba da haƙuri saboda jaki. Baba yana gyaran igiya, bai ɗaga kai ba, ya ce, "Jaki ya warke, Mushe. Yarinyar za ka tambaya." Ina tsaye bakin turmi. Mushe ya juyo ya dube ni, ya buɗe baki, ban sani ba ko Hausar ce ta ƙare masa ko Faransancin ne bai dace da tsakar gidanmu ba, ya dai sunkuyar da kai ya tashi ya fita. Na so ya ce wani abu, ko da faɗa ne.

Da shekara ta zagayo aka tura ni Dutsi in ci gaba da karatu, don lakwal ɗinmu aji uku ta tsaya. A makon farko wata mai ƙosai ta dube ni ta dubi tabon haɓata, ta tafa hannu ta ce ai wannan ce ta faɗi ranar feti. Kafin wata ya ƙare sunana ya koma Kulu-mai-laka, a aji da kasuwa da bakin rijiya, kuma shekara uku ina amsa shi. Na sha gaya wa 'yan ajinmu cewa a tabkinmu a tsaye nake tafiya tun daga tudu har bakin ruwa ban ko girgiza ba. Sukan ce to, su kalli juna. Lokacin da ruwan tabki ke ja da baya kuwa, kowace shekara, ina zaune kan benci ina kwafe darasi.

Na yi aikin ungozoma shekaru da yawa a Yamai har na huta. Bara na je ƙauye suna, na sa aka kai ni wajen tabki. An kewaye shi da lambuna, albasa da zogale kore shar, injuna suna ta zuƙar ruwa, kuma na ji daɗin ganin mutane suna samun abinci da rani. Gefen gabas an yanke shi an yi tubali. Yaran da na tarar suna buga ƙwallo a kan tudu, da na tambaye su zamiya, suka ɗauka wata cuta nake nufi. Arzika ya rasu shekara huɗu ke nan, sauran ma duk sun riga ni. Waɗanda suka ga faɗuwata gari guda ne, waɗanda suka ga iyawata yara ne 'yan kaɗan, kuma ni kaɗai na rage cikinsu. Yanzu in an wanke simintin tsakar gida, jikokina kan rugo su riƙe mini hannu kada in zame. Nakan ba su labarin nan, su yi murmushi su ce, "To, Kaka," su ƙara riƙe ni da kyau. Ba na musu da su. Amma Allah ya sani, na iya.